Yarinyar da Muka Kira 'Yar Ruwa

Kakata ta wajen uba, Iya Kande, ba ta fara tatsuniya sai tafin ƙafarta ya ji ɗumi. A lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, sai ta jawo ragowar itacen murhu zuwa bakin ɗakinta, ta binne 'yar gyaɗa a cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta ɗauki mazarinta da auduga. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'yan matan maƙwabta, kowace ta ƙudundune a tsohon zanen uwarta. Gidanmu a cikin garin Daura yake, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, kuma har yau idan na ji ƙamshin gyaɗar da ta fara ƙonewa sai in ga kaina a wurin nan, ina kallon hayaƙi yana hawa a hankali yana ɓacewa cikin taurari. Iya tana da nata salon buɗe labari, wanda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Sai ta ce, "Wata ta taso daga nesa." Mu kuma mu amsa, "A ba ta wuri ta zauna."

Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka fara isowa har irin garuruwanmu. Kawuna ya sayi babur da rediyo, ana ta sauya rufin ɗakuna da kwano, gwamnati kuma tana gina makarantu har malamai suka yi kaɗan, aka shiga ɗauko su daga ƙasashen waje. Sai dai sama ba ta san da wannan arziki ba. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rijiyar unguwarmu sai da aka ƙara wa guganta igiya har sau biyu, ta hanyar Kongolam kuwa, can bakin iyaka, kullum sai ka ga mutane sun shigo daga arewa suna kora shanun da suka rame har ƙasusuwa suka fito.

Ina aji uku na firamare aka kawo mana Nasima. Mahaifinta yana koyar da lissafi a sakandaren maza, suna zaune a gidajen malamai da ke bayan gari. Duk wanda ya zo daga can yankin Ba'indiye muke ce masa, amma su mutanen Bangaladash ne, kuma Musulmi. Siririya ce, mai manyan idanu, gashinta baƙi wul har ƙugu. Cikin 'yan watanni ta iya Hausa kamar a Daura aka yanke mata cibiya. Benci ɗaya muke zama, tana ba ni aron fensir mai launi, ni kuma ina kawo mata ƙuli-ƙulin Iya.

Wata rana Malam Haruna ya ce kowa ya zana gidansu na asali. Mu muka zana zaure da rumbu da bishiyar kuka. Nasima ta zana wani ɗaki a kan tudu, ta shafe duk sauran takardar da shuɗi, ta sa kwale-kwale a ɗaure a bakin ƙofa. Malam ya ɗaga takardar ya ce ta yi mana bayani. Ta miƙe da murnarta ta ce a garin kakarta idan damina ta faɗi babu hanya sai ruwa, a kwale-kwale ake zuwa makaranta, a kwale-kwale ake cin kasuwa, kuma daga bakin ƙofa mutum yake kama kifin miya.

Mu da tun asuba muke bin layin rijiya kafin mu zo makaranta, sai aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa, don in fi kowa iya magana, na ɗaga murya na ce, "Ashe 'yar ruwa aka kawo mana!"

A saninmu 'yar ruwa aljana ce mai dogon gashi da ke zaune a ƙarƙashin kogi tana jan yara. Da wasa na faɗa, amma kafin a tashi sunan ya bi ta. Bayan kwana biyu 'yan mata suka daina haɗa hannu da ita a kwano. Wata Asabe, wadda babanta ya rasa gonarsa kaf a shekarar, ta ce ai ita ce ta riƙe mana ruwan sama. Nasima ta fara tufke gashinta a cikin ɗankwali. Daga nan ta daina magana a aji ko da Malam ya tambaye ta. Daga baya sai ta daina zuwa gaba ɗaya.

Ni na kai labarin gaban wutar Iya, ina kwaikwayon muryar Nasima don a yi dariya. Ƙannena sun yi. Iya ta tsayar da mazari.

"Wa ya fara kiran ta da wannan suna?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke Saude, kin taɓa zuwa garinsu?"

"A'a."

"Ni ma ban taɓa ba. Iyakata Zango, sai Katsina sau ɗaya da aka kai ni asibiti. To abin da ban je na gani ba, da wane baki zan ce babu shi?"

Ta tone gyaɗar daga toka ta raba mana, ta shige ɗaki. Ranar babu tatsuniya.

Washegari da la'asar ta ɗora mini kwalbar man gyaɗa, irin wanda take matsewa da hannunta, muka kama hanyar gidajen malamai a ƙafa. Tafiya ce mai nisa ga tsohuwa, sau biyu tana tsayawa ta huta. Mahaifiyar Nasima ce ta buɗe mana, 'yar ƙaramar mace mai sanyin fuska, ta naɗe jikinta da zane ɗaya mai tsawo har kai. A falon na ga akwati a buɗe an fara jera kaya. Daga baya na ji cewa mahaifin Nasima ya yanke shawarar kai su Kano, wurin wasu 'yan ƙasarsu, tun da yarinyar ta ƙi cin abinci, ta ƙi makaranta.

Hausar matar ba ta wuce ta cefane ba, don haka ta kira 'yarta daga bayan labule. Nasima ta fito ba ta dube ni ba.

Iya ta ce, "'Yar nan, gaya wa mahaifiyarki a kan laifin jikata na zo. Yaran unguwarmu rashin sani ke damunsu. Daren Juma'a babu karatun allo, duk suna taruwa a wurina. Ina roƙon ta ta zo ta ba su labarin garinku da bakinta."

Nasima ta fassara da ƙaramar murya. Matar ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta dubi ƙafafun Iya da suka yi futu-futu saboda tafiya. Ta ce da Hausa, "Zan zo, Iya."

Ranar Alhamis da aka yi isha'i, tsakar gidanmu ta cika. 'Yan ajinmu mata kusan duk sun zo, wasu don labari, wasu kuwa, in faɗi gaskiya, don su ga uwar aljana da idonsu. Mahaifin Nasima ya kawo ta da mahaifiyarta a babur, ya tsaya a zaure wurin babana. Iya ta shimfiɗa sabuwar tabarmarta, ta sa ni na zuba wa baƙin ruwa suka wanke hannu, ta nuna mini gefen Nasima ta ce nan zan zauna. Sannan ta dube mu ta ce, "Wata ta taso daga nesa."

Muka amsa a sanyaye, "A ba ta wuri ta zauna."

Maman Nasima ta fara da raba mana wata shinkafa da ta soya a yashi mai zafi har ta kumbura kamar gugguru. Sai ta warware wani mayafi a gaban wuta. Da tsofaffin zannuwa aka haɗa shi, aka bi shi da ƙananan ɗinki na hannu, kuma a jikinsa akwai kifaye da kwale-kwale da tsuntsaye masu dogon wuya da wata mace tana tuƙi. Ta ce mahaifiyarta ce ta ɗinka mata lokacin aurenta. Tana magana da harshensu, wani harshe mai taushi kamar ana lallashin jariri, Nasima tana mayar mana da Hausa. Wannan ne karo na farko da 'yan ajinmu suka ji muryarta cikin makonni uku.

Ta ɗora yatsa a kan kowane zane tana bayani. Ta ce a ƙasarsu koguna sun fi hanyoyi yawa, kuma wani kogin idan ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Ta ce shinkafa a cikin ruwa take tsiro, idan ruwan ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo, har a girbe ta daga cikin kwale-kwale. Da yamma masu tuƙi suna waƙa, muryarsu tana tafiya a kan ruwa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Yara suna iya iyo tun kafin su iya ƙirga. Da dare kuma ƙananan ƙwari masu haske suna cika bishiyoyin bakin kogi, ka rasa gane inda taurari suka ƙare.

Ban san lokacin da na daina ganin tsakar gidanmu ba. Wutar tana motsi, kifayen mayafin suna motsi da ita. Sai na ga kamar ruwa yana shigowa ta zaure a hankali, ba ƙara, ya kewaye turmi, ya ɗaga ƙoren Iya suna yawo, ya kai gindin rumbu. Ga mu nan a kan tabarma tana lilo da mu, mun bi ta kan kasuwa, mun wuce bayan gari, gonakin da suka bushe duk sun koma shuɗi.

Muryar wata 'yar ajinmu, Talatu, ce ta dawo da ni. "To a ina kuke salla, a cikin ruwan?"

Maman Nasima ta yi dariya har ta rufe baki da gefen zanenta. Ta ce a kan tudu ake gina masallaci, ranar Juma'a sai ka ga kwale-kwale sun jeru a gindinsa kamar takalma a bakin ƙofa. Sannan ta yi bisimilla ta karanta Ƙulhuwallahu, irin tamu sak, sai ɗan bambancin lafazi. Na ji wata a bayana tana raɗa, "Aljana ai ba ta karatu." Wata kuma ta tambaya ko suna da dawa da gero. Aka ce babu, shinkafa ce safe da rana da dare. Muka dubi juna, don mu sai da salla muke ganin ta.

Sai Asabe, wadda tun zuwanta ba ta taɓa shinkafar ba, ta ce, "In dai akwai ruwa haka, me ya sa kuka baro?"

Nasima ba ta fassara ba. Amma uwar ta gane. Ta ce da Hausarta, "Ruwa ya yi yawa." Sai ta taɓa gwiwar 'yarta don ta ci gaba da fassara. Ta ce kafin su zo nan, wata iska ta taso daga teku ta turo ruwa cikin dare ɗaya, ruwan da ya fi dabino tsawo. Su suna birni a lokacin. Mahaifiyarta kuwa tana ƙauye, a bakin kogi. Da suka samu hanya suka je, ba su tarar da gida ba, ba su tarar da ita ba, ko kabarin da za su tsaya su yi addu'a babu.

Iya ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan ta. Mu nan rashinsa ke cin mu, ku can yawansa." Asabe ta sunkuyar da kai.

Can Iya ta ce, "'Yata, mahaifiyar taki tana tatsuniya?"

"Tana yi."

"To ba mu ɗaya daga cikin nata, mu ma mu san ta."

Ga yadda tatsuniyar take, kamar yadda na riƙe ta. Akwai wata mata da 'yarta a wata ƙasa inda kogi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara sai ya cinye wannan gaɓa, ya haifi sabon tsibiri a can gaba. Duk lokacin da ya ci gidan matar, abu ɗaya take ɗauka, 'ya'yan kabewa a ƙulle a bakin zane, kuma duk inda ta sauka su take fara shukawa kafin ta kafa ɗaki. Wata shekara ruwa ya zo da dare ya raba su. Yarinyar ta farka a kan wani gungume, wasu masunta suka tsince ta suka raine ta a can nesa. Da ta girma sai ta ɗauki kwale-kwale ta fita neman uwarta. Ta isa tsibiri na farko, babu kowa, sai kabewa ta yaɗo da furanninta rawaya. Ta ce, uwata ta zauna a nan. Ta isa na biyu, kabewa, babu ɗaki. Na uku ma haka. Tana tafe tana tambayar tsuntsaye, suna nuna mata gaba, har gashinta ya fara furfura. Rannan da almuru ta hango tsibiri na bakwai, wanda daga shi sai teku, ga furannin kabewa har bakin ruwa. Ta ɗaure kwale-kwalenta, ta taka ƙasa.

A nan Maman Nasima ta tsaya. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Nasima tana jiran abin da za ta fassara, idonta ya cika. Mu kuma mun miƙa wuya muna jira.

Iya ta ɗauki mazarinta ta murza, kamar dama ita ke ba da labarin. Ta ce, "Tana taka ƙasa sai ta ji ƙamshin miya. Ta bi ƙamshin nan, ta bi, ta bi, sai ga wata tsohuwa a tsugune tana fifita wuta, ta juya mata baya. Tsohuwar ba ta ko waiwayo ba, ta ce, kin daɗe, wanke hannunki. Ashe tun ranar da suka rabu, kullum tuwon mutum biyu take tuƙawa."

Nasima ta mayar wa uwarta da harshensu. Matar ta kamo hannun Iya ta riƙe da hannu biyu, ta yi wata gajeriyar magana. Nasima ta ce, "Wai ba haka yake ƙarewa a wurinmu ba. Amma wai ta fi son wannan."

Da muka raka su zaure na ja zanen Nasima. Na ce, "Ni na fara."

Ta ce, "Na sani."

"Ki yafe mini."

Ta dube ni sosai, sannan ta ce, "Gobe ki ajiye mini wurina a benci."

Ba a je Kano ba. Sunan bai mutu a rana ɗaya ba, maza sun ɗan ci gaba da tsokana, amma yanzu akwai masu tare mata, kuma Asabe ce ta fi kowa zafi a kai. Maman Nasima ta riƙa zuwa hira jefi-jefi. Iya kuwa ta ɗauki tatsuniyar ta zuba cikin nata, a hankali kwale-kwale ya koma babbar ƙwarya, tsibirai suka koma tudun yashi, har yaran da suka taso bayanmu suka ɗauka tun kaka da kakanni a Daura ake ba da ita.

Bayan shekara biyu aikin mahaifinta ya ƙare. Ranar da za su tafi na je tasha, ana ɗaure kayansu a saman motar Kano. Sai a lokacin na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Wai yaya ainihin ƙarshen yake?"

Ta ce, "Ba ta same ta ba. Kabewa ce kawai. Sai ta zauna a wurin, ta gina ɗaki, ta ɗebi 'ya'yan ta ƙulle a bakin zanenta."

Na ce wannan ai ba ƙarshe ba ne. Ta ɗaga kafaɗa, aka kira ta ta shiga mota. Mun yi wasiƙa sau biyu, daga nan shiru.

Na daɗe ina ganin ƙarshen Iya ne na gaskiya, nasu kuwa kamar an manta wani abu. Sai da Iya ta rasu, ina da aure da ɗa ɗaya, na zo gida na tsaya a bakin ɗakinta, babu kowa sai baƙin wurin da wuta ta saba ci, sannan na gane abin da ya toshe wa matar nan murya. Ta san inda labarin zai kai ta tun kafin ta fara. Duk da haka ta zauna a gaban yaran da suka sa 'yarta kuka, ta buɗe musu abin da ya fi mata ciwo, don kawai 'yarta ta samu wurin zama a aji. Na kuma gane Iya ba gyara labarin ta yi ba. Ta ga mace tana shirin faɗuwa a gaban yara, ta tare ta da abin da ke hannunta.

Yanzu ni ce kaka. Babu wuta a gidan da nake, sai fitilar lantarki idan an kawo, amma jikokina suna zuwa su ce in ba su ta mai kabewa. Ƙanana ina ba su ƙarshen Iya, su kwanta da murmushi. Wadda ta fara girma kuwa, idan na ga ta soma fahimtar cewa mutane suna tafiya ba su dawo ba, sai in kira ta gefe in ce, zo ki ji yadda masu labarin suke ƙarasa shi.